Nauyin Baba bai ragu ba, amma ya koma sallah a kan kujera: yaya ake auna ƙarfin tsoho?

Wani ɗan'uwa ya rubuto mini game da mahaifinsa. Ya ce Baba ya haura shekara 70, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya. Tun bara ya koma sallah a zaune saboda ɗagowa daga sujada na ba shi wuya, in zai tashi daga tabarma kuma sai ya dafa bango ko a kama shi. Cinyoyinsa sun sirance, amma sikeli na nuna nauyinsa na nan yadda yake tun shekara biyar da suka wuce. An yi gwajin jini da na sukari, aka ce babu komai, tsufa ne. Yana tambaya ko akwai hanyar auna wannan abu, ko kuwa sai dai a zuba ido.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri da ka lura da abin da 'ya'ya da yawa ba sa gani sai ranar da tsoho ya faɗi a banɗaki. Aikina gashin ƙashi ne, abin da ake kira fisiyo a asibiti, kuma yawancin waɗanda nake gani dattawa ne. Akwai hanyar awo, kuma mafi amfani a cikinta ba ya buƙatar na'ura mai tsada.

Bari in fara da sikeli, tunda shi ne ya kwantar muku da hankali. Sikeli ba ya bambance tsoka da kitse da ruwa, jimla kawai yake bayarwa. Mutum zai iya rasa kilo 4 na tsoka a cinya da ɗuwawu, ya tara kilo 4 na kitse a ciki, allura ba ta motsa ba. Shi ya sa za ka ga dattijo da tumbi a gaba, ƙafafu kamar sillen kara, babbar riga ta rufe duka. A farkon aikina na sallami dattawa da dama da cewa tunda ba su rame ba babu damuwa. Har yau abin yana ci mini rai, domin wasunsu sun dawo mana da karayar ƙugu.

Sunan abin a likitance sakofeniya. Wani likita Ba'amurke, Irwin Rosenberg, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1989 daga Girkanci, ma'anarta ƙarancin nama. Sai a 2016 aka ba ta lamba tata ta kanta a kundin rarraba cututtuka da asibitocin Amurka ke aiki da shi. Tunda sunan ya ambaci nama, masu bincike na farko girman nama suka bi. A 1998 Richard Baumgartner da abokan aikinsa suka auna tsofaffi a jihar New Mexico, suka ce namijin da naman hannuwansa da ƙafafunsa ya gaza kilo 7.26 in an raba shi da tsawonsa sau tsawonsa, yana da wannan matsala. Shekaru aka yi ana tafiya a kan haka.

Abin da ya sauya tunani shi ne wani bincike mai suna Health ABC, wanda ya bi tsofaffi a biranen Pittsburgh da Memphis. A rahoton da ya fito a 2006, an bi mutum 1,880 'yan shekara 70 zuwa 79 tsawon shekara uku. Naman ƙafa yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara, amma ƙarfin ƙafa yana raguwa ninki uku na haka. A maza farare kashi 3.4 a shekara, a maza baƙaƙe kashi 4.1, kuma maza sun fi mata saurin asara. Har waɗanda namansu ya ƙaru a cikin shekarun nan ƙarfinsu bai tsira ba. Daga wannan binciken kuma aka gano cewa ƙarfi ne ke da alaƙa da yawan mace-mace, girman tsoka shi kaɗai ba ya nuna haka sosai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Saboda haka da kwamitin masana na Turai, wanda ake kira EWGSOP, ya sake fitar da ƙa'idarsa a 2019, sai ya juya tsarin: a fara duba ƙarfi, in ya yi ƙasa a ɗauka akwai matsalar a fara aiki a kai, sannan a tabbatar da awon tsoka, sannan a duba tafiya don sanin tsananin abin.

Me ya sa ƙarfi ke riga nama tafiya? Tsoka zarurruka ce, kowane gungu na zarurruka yana da jijiyar da ke ba shi umarni daga laka. Da shekaru wasu jijiyoyin suna mutuwa, zarurrukan da suke kula da su ko dai su shanye, ko wata jijiyar ta karɓe su ta riƙa tafiyar da su a hankali. Wani masani ɗan Siwidin, Jan Lexell, ya ƙirga zarurrukan tsokar cinya a gawarwakin maza daga shekara 15 zuwa 83, ya buga sakamakon a 1988. Ya ga faɗin tsokar na raguwa da kimanin kashi 40 cikin 100 tsakanin shekara 20 da 80, kuma zarurruka masu sauri sun fi ƙanƙancewa. Su ne kuwa ke yunƙura mutum daga ƙasa, su ne ke tare shi in ya yi tuntuɓe. Ga kuma kitse da ke kutsawa cikin tsokar kanta, ta yi kauri a ido, aikinta kaɗan. Wannan shi ne dalilin da ya sa tashi daga sujada ke fara gagarar mutum alhali yana iya takawa zuwa kasuwa.

Yanzu awon kansa. Matakin farko tambayoyi ne guda biyar da ake kira SARC-F, waɗanda aka fitar a 2013. Ana tambayar mutum wahalar da yake sha wajen ɗaga kaya mai kimanin kilo 4.5 ya tafi da shi, ka ƙaddara galan mai lita 5 da bai cika taf ba. Sai wahalar ƙetare ɗaki da ƙafa, da tashi daga kujera ko gado, da hawa matakala 10, da kuma sau nawa ya faɗi a shekarar da ta wuce. Kowace tambaya maki 0 zuwa 2 ne, wanda ya kai 4 ana zarginsa. Takardar tana da rauni sananne: in ta kama mutum da wuya ta yi kuskure, amma tana barin mutane da yawa su wuce. A wurinmu raunin ya ninka. Dattijo ba zai zauna gaban ɗansa da baƙon ma'aikaci ya ce ba ya iya tashi ba. Za ka ji "lafiya lau, alhamdu lillahi." In ka ce ya taɓa faɗuwa, ya ce santsi ne ya ɗebe shi, wannan ba faɗuwa ba ce. Wata tambayar ma ba ta shafe shi ba, gidansa ba bene ba ne, kuma rabonsa da ɗaukar kaya tun da jikoki suka tasa. Ni nakan tambayi Hajiya, ko jikan da ke raka shi masallaci, kuma nakan tambayi abin da ake gani: da hannu nawa yake dogarawa in zai miƙe, ya daina zuwa sallar Asuba a jam'i, ya sauya masai na tsugunno. Abin da ka rubuto mini ya riga ya amsa wannan mataki.

Na biyu shi ne damƙa. Akwai wata 'yar na'ura, dinamomita, da ake matsewa da hannu ta nuna ƙarfi da kilo. Wadda aka fi dogara da ita ita ce samfurin Jamar, akwai kuma na roba masu batir da ba su kai ta tsada ba. Sashen fisiyo na manyan asibitoci shi ne wurin da ya kamata ka fara tambaya. Yadda ake yi yana da muhimmanci ƙwarai, domin zama da tsayuwa ba sa ba da lamba ɗaya. Tsarin da na fi bi shi ne na Jami'ar Southampton: mutum ya zauna a kujera mai hannu, damtsensa a kan hannun kujerar, wuyan hannu ya ɗan zarce bakin, babban yatsa na kallon sama. A ce ya matse iya ƙarfinsa ana ƙarfafa masa gwiwa da baki, sau uku a dama sau uku a hagu ana musanyawa, a rubuta mafi girma cikin shida. A ƙa'idar Turai, namiji da ya gaza kilo 27 ƙarfinsa ya yi ƙasa. A ta Asiya ta 2019, kilo 28. Don ka san inda 27 ta tsaya: a bayanan kusan mutum 50,000 daga bincike 12 na Birtaniya, namiji matsakaici yana kai kilo 51 tsakanin shekara 29 da 39. Wato wanda ya sauko 27 ya rasa kusan rabin abin da sa'o'insa ke da shi a ƙuruciya.

Mutane kan yi mamaki, mene ne haɗin matse ƙarfe da lafiyar mutum? A 2015 mujallar Lancet ta buga binciken PURE, kusan mutum 140,000 a ƙasashe 17, ciki har da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Duk raguwar kilo 5 a damƙa ta zo da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin 100, har ta fi lambar sama ta awon hawan jini hasashen wannan. Ba damƙar ce ke kashewa ko rayawa ba, taga ce da ake leƙa halin jiki gaba ɗaya ta cikinta. Don haka sayo wa Baba ƙwallon roba ya riƙa matsawa zai iya ɗaga lambar, amma ba zai tashe shi daga tabarma ba.

Damƙa tana da inda take ruɗi. Mai amosanin gaɓɓai a yatsu zai ba da lamba ƙarama saboda zafi, mai shanyewar ɓarin jiki kuma hannu ɗaya ne kawai abin aunawa. Sannan akwai akasin haka, wanda na fi gani: tsohon manomi ko maƙeri ko mahauci da ya yi shekara hamsin yana aiki da hannu, in ya gaisa da kai sai ka ji ƙashi, amma ƙafafun sun tafi. Awon hoton MRI da Ian Janssen ya yi wa mutum 468 a shekarar 2000 ya nuna asarar tsoka ta fi yawa daga ƙugu zuwa ƙasa. Tunda kukan Baba a ƙafa yake, gwajin kujera ya fi damƙa kusa da matsalarsa, kuma yau ɗin nan za ka iya yin sa a gida.

Nemi kujera mai ƙarfi marar hannu, tsayin mazauninta kimanin santimita 43 zuwa 45, ka jingina ta da bango. Kada ka yi da kujerar roba mai lanƙwashewa, kada ka yi da kushin na falo da ake nutsewa ciki. Baba ya zauna, tafin ƙafafunsa a ƙasa, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ka fara cewa ya miƙe sau ɗaya. In ya kasa ba tare da dafa gwiwa ko kujera ba, an gama, ka samu amsa, kada ka matsa masa. In ya iya, sai ya miƙe tsaye cak ya zauna sau biyar a jere iya saurinsa, kana riƙe da agogon waya daga lokacin da ka ce "bismillah" har ya miƙe na biyar. Fiye da daƙiƙa 15 rauni ne a ƙa'idar Turai, a ta Asiya kuwa daga daƙiƙa 12. Wani ya tsaya kusa da shi a gefe. In ya ce kansa na juyawa ko ƙirjinsa na ciwo a dakata. Ka kuma lura da abin da ya tsayar da shi, domin lambar ba za ta gaya maka ba: cinya ce ta gaji, gwiwa ce ke zogi, ko jiri ne? Da yawa daga masu sallah a kujera ciwon gwiwa ne ya zaunar da su, wasu kuma maganin hawan jini ne ke sa jini ya sauka in sun miƙe. Kowanne da maganinsa daban, ko da yake ciwon gwiwa da ya daɗe shi ma yakan cinye cinya, don mutum ya daina ɗora mata nauyi.

Sai tafiya. Ka auna mita 4 a daɓe mai laushi marar santsi, ka ja layi biyu. Ya yi tafiyarsa ta kullum, kamar zai je masallaci bai makara ba, da sandarsa in yana riƙewa. Ka yi sau biyu ka ɗauki mafi sauri. In ya ɗauki daƙiƙa 5 ko fiye, saurinsa mita 0.8 ne a daƙiƙa ko ƙasa da haka, wanda a ƙa'idar Turai yake nuna abin ya yi tsanani in an riga an ga rauni da ƙarancin tsoka. Masanan Asiya sun fi tsanantawa, mita 6 a fiye da daƙiƙa 6. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, kuma gaskiya ne, sai dai tafiyar tsoho in ta ragu labari take bayarwa game da zuciya da huhu da jijiya da tsoka a lokaci guda. Stephanie Studenski ta haɗa bayanan mutum 34,485 masu shekara 65 zuwa sama a 2011, ta nuna saurin tafiya, in an haɗa shi da shekaru da jinsi, yana hasashen tsawon rai daidai da dogon lissafin cututtuka. Rai a hannun Allah yake, lissafin nan na jama'a ne ba na mutum ɗaya ba, amma ya isa ya sa a ɗauki awon da daraja.

Girman tsoka a gida ana kintatarsa ne da sha-raɓa. Ari tef ɗin tela, Baba ya zauna gwiwa a lanƙwashe, ka zagaya inda ya fi kauri ba tare da ka matse fata ba. A ƙa'idar Asiya namiji da ya gaza santimita 34 ana ƙara bincikarsa, takardar Turai kuma ta ambaci 31. A Japan sun fito da wata dabara da ba ta buƙatar tef: mutum ya haɗa manyan yatsunsa biyu da manuniya biyu su yi zobe, ya zagaya sha-raɓarsa. In zoben ya rufe har ya bar sarari, alama ce. Ina son dabarar don yatsun mutum sun dace da girman jikinsa. Amma kafin ka yarda da kowane awo, danna ƙwaurinsa da yatsa na 'yan daƙiƙoƙi. In wurin ya loɓa ya zauna, ruwa ne, kuma kumburi yana ɓoye rama. Wannan kansa dalili ne na ganin likita a duba zuciya da ƙoda da hanta.

Na'urori kuwa, ga yadda suke. DXA ita ce wadda ake auna ƙwarin ƙashi da ita, mutum ya kwanta 'yan mintuna ta ratsa shi da haske kaɗan. Tana raba jiki uku: ƙashi, kitse, da sauran. Wannan sauran na hannuwa da ƙafafu shi ake ɗauka a matsayin tsoka. Namiji da ya gaza kilo 20, ko ya gaza 7.0 bayan an raba da tsawo sau tsawo, ana cewa tsokarsa ta yi kaɗan. Misali mai tsawon mita 1.70 da aka samu kilo 19 a gaɓoɓinsa: 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, a raba 19 da shi a samu kimanin 6.6, ya faɗo ƙasa. Matsalar ita ce wannan "sauran" ya haɗa da ruwa da fata da tantani. Mai kumburin ƙafa zai fito kamar ɗan kokawa. Na'urar kuma ba ta da yawa a yankinmu.

BIA ita ce mai kama da sikeli da ake taka ƙarfe a riƙe hannu, takan kasance a wuraren motsa jiki da wasu asibitoci masu zaman kansu. Lantarki ɗan kaɗan take turawa ta jiki ta auna yadda ruwa ke ɗaukarsa, sannan ta yi lissafi da wata dabara da aka gina a kan wasu mutane, galibi Turawa ko 'yan Asiya. Duk abin da ya taɓa ruwan jiki yana taɓa sakamakon: azumi da la'asar, zafin bazara, maganin sa fitsari, cin abinci kafin awo. In za a yi, a yi da safe, da na'ura ɗaya kowane lokaci. Wanda aka sa wa batirin zuciya ba a yi masa. CT da MRI sun fi duka nuna gaskiya har da kitsen da ke cikin tsoka, amma ba a tura mutum ya biya kuɗinsu don wannan kawai, sai dai in an riga an ɗauki hoton saboda wata cuta sai a duba.

Akwai wata hanya sabuwa da ta shafi maza tsofaffi kai tsaye, tana kuma bayyana dalilin da ya sa ba na so ka sayar da akuya don neman DXA. Kusan duk sinadarin kireyatin da ke jiki a tsoka yake. Sai a ba mutum ƙwaya ɗaya mai miligiram 30 ta kireyatin mai alama, ta gauraya da nasa, bayan kwana uku zuwa shida a ɗauki fitsarin safe a ga yadda alamar ta tsinke. Yawan tsinkewarta shi ne yawan tsokar gaske. An gwada ta a binciken MrOS na Amurka, wanda ya ɗauki maza 5,994 masu shekara 65 zuwa sama tsakanin 2000 da 2002. A rahoton 2019, cikin maza 1,382 da matsakaicin shekarunsu 84, waɗanda wannan awo ya nuna tsokarsu ta yi kaɗan a kan nauyinsu su ne masu rauni, masu jan ƙafa, masu faɗuwa su ji ciwo. Awon DXA na mutanen nan bai nuna hakan ba. Ashe tsoka na da muhimmanci, ma'aunin ne ya gaza. Hanyar tana ɗakin bincike har yanzu, ba abin da za ka nema a asibiti ba ne. A 2020 wani taron masana a Amurka ya ba da shawarar a dogara da damƙa da saurin tafiya, a ajiye awon DXA gefe, kuma su iyakar damƙarsu ga maza kilo 35.5 ce.

Ka ga yanzu lambobi sun yi yawa: 27, 28, 35.5 a damƙa, 31 da 34 a sha-raɓa. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe da kyau. Babu ɗaya daga cikin iyakokin nan da aka yanka a jikin mutanenmu. An samo su ne daga Turawa da Amurkawa da mutanen gabashin Asiya. A yankin Kiang ta Yamma a ƙauyukan Gambiya an auna mutum 488 da DXA da damƙa, aka buga a 2018. Da aka gwada ƙa'idoji biyu a kan mutanen, maza sun fito kusan kashi 20 cikin 100 a duka biyun, amma mata ƙa'ida ɗaya ta ce kashi 45, ɗayar ta ce kashi 10. Mutane ɗaya, rana ɗaya. Bafulatani dogo siriri da ya yi rayuwarsa yana bin shanu zai iya faɗuwa awon sha-raɓa tun yana ɗan shekara 30, alhali yana yini yana tafiya. Attajiri mai jiki zai iya haye awon, amma ba ya iya tashi daga darduma. Ga kuma shekarun haihuwa da yawancin iyayenmu kintata ake yi. Shi ya sa nake ɗaukar lambobin nan a matsayin tuta mai cewa a duba, kuma abin da na fi yarda da shi shi ne a gwada mutum da kansa na wata shida da suka wuce.

Game da gwajin jinin da aka ce lafiya lau: babu gwajin jini da ke nuna sakofeniya, don haka bai kore ta ba. Akwai ma wani tarko. Kireyatinin da ake auna aikin ƙoda da shi daga tsoka yake fitowa, mai ƙarancin tsoka yana fitar da kaɗan, sai ƙodarsa ta yi kyau a takarda fiye da yadda take. Sinadarin maza, testostiron, yana raguwa a hankali da shekaru, amma ba shi ake auna wannan matsala da shi ba, kuma kada kowa ya sayar muku da allurarsa a kan haka. A ƙarshen 2009 an dakatar da wani gwaji a Boston da ake ba tsofaffin maza masu rauni wannan sinadari, saboda matsalolin zuciya sun fi yawa a waɗanda aka ba.

Kafin a ce tsufa ne kawai, ina so likita ya kore wasu abubuwa. Rama mai sauri, kamar kashi 5 cikin 100 na nauyi cikin wata shida zuwa shekara, tari mai daɗewa da gumin dare, yawan ƙishirwa da fitsari, wahalar haɗiya, tsoka mai rawa da kanta, ko rauni a ɓari ɗaya, duk waɗannan ba tafiyar tsufa ba ce. Tsufa a hankali yake ci, kuma dama da hagu tare. Ka tattara duk magungunan da Baba ke sha a leda ɗaya, har da haɗin da ake ƙulla masa a kemis na ciwon gaɓɓai. Na sha buɗe irin wannan ƙullin in tarar da deksametason ko firednisolon, waɗanda in an daɗe ana sha cinya da ɗuwawu suke fara cinyewa, su kumbura fuska da ciki, nauyi ya tsaya ko ya ƙaru. Wannan ya yi kama da abin da ka kwatanta, shi ya sa na ambata. In an samu, kada a yanke shi dare ɗaya, likita ne zai rage shi a hankali. Mazan da ake wa allurar danne sinadarin maza saboda sankarar furostet, ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, su ma tsokarsu na zubewa da sauri. Ka kuma duba bakinsa, domin wanda haƙoransa suka zube yakan bar nama da ƙuli-ƙuli ya koma koko da tuwo, shi ma bai lura ba.

Ka tuna ko Baba ya yi wata jinya kafin ya koma kujera. A wani gwaji da aka buga a 2007, tsofaffi masu lafiya, matsakaicin shekarunsu 67, an kwantar da su kwana 10 kawai, suka rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafa. Sau da yawa haka abin ke zuwa, zazzaɓi ɗaya ko tiyata ɗaya, mutum ya sauka mataki guda bai sake hawa ba. Mu kuma a gida muna ƙara masa da ladabi: "Baba zauna, bari in ɗauko maka." Niyyar mai kyau ce, amma kowace buta da aka ɗauko masa tashi ɗaya ne aka rage wa cinyarsa.

Dalilin da ya sa awon ke da amfani shi ne lambobin suna iya komawa sama. A 1990 Maria Fiatarone ta ɗauki mutum 10 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, shekarunsu 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako. Cikin mako takwas ƙarfin cinyar waɗanda suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, faɗin tsokar kuma da kimanin kashi 9. Tafiya kaɗai ba ta yin wannan aiki, sai tsoka ta yi turjiya da nauyi, kuma tashi da zama daga kujera shi ne farkon darasin da nake bayarwa. Abinci mai furotin yana taimaka masa, kimanin giram 1 zuwa 1.2 a kowane kilo na nauyin jiki a rana ga wanda ƙodarsa ke lafiya, daga wake, ƙwai, nono, kifi, awara da gyaɗa.

Saboda haka ka sayi ƙaramin littafi. A shafin farko ka rubuta kwanan wata, nauyi, sha-raɓar dama da hagu, daƙiƙoƙin tashi biyar, daƙiƙoƙin mita 4, da damƙa in an samu na'ura. Ka rubuta wace kujera aka yi da ita, da wane takalmi, da ƙarfe nawa, don a maimaita daidai bayan wata uku, da kuma mako biyu bayan duk wata jinya. Bambancin rabin daƙiƙa a gwajin kujera ba abin tashin hankali ba ne, jiki na sauyawa daga rana zuwa rana. A tafiya kuwa, sauyin mita 0.1 a daƙiƙa sauyi ne na gaske: in mita 4 ɗin da yake yi a daƙiƙa 5 ya koma kusan 6, ko ya kasa tashi ko sau ɗaya ba dafawa, ko ya faɗi, kada ka jira wata ukun su cika. Ka kai shi asibiti da littafin da ledar magungunan, ka nemi a haɗa shi da sashen fisiyo. Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara masa ƙarfi.